Golmon Joel

Ni ne Saje Haggai, mai ritaya. Shekara talatin da biyar na yi da kakin soja a jikina, na je Laberiya, na je Saliyo, na dawo gida Zuru da harsashi guda a cinyar hagu wanda likitoci suka ce a bar shi inda yake. Duk wanda ya san ni ya san ba na son raki. A gidana in yaro ya faɗi ya goge gwiwa, tashi yake ya karkaɗe jikinsa, in kuwa ya buɗe baki zai yi kuka, kallo ɗaya nake masa ya haɗiye abinsa. Haka ubana ya rene ni a ƙauyenmu Manga, haka na reni nawa. Ban taɓa zaton akwai wata hanya ba sai ranar da 'yata Alice ta shiga gonar Kofur Bawa da farin takalminta na asibiti.

Amma bari in fara da Joel, don labarin nasa ne.

Joel shi ke bin Alice. Yana shekara ta biyu a makarantar koyon fasaha a Birnin Kebbi aka dawo mana da shi yana toshe kunne, wai akwai mutane a cikin silin suna zaginsa. Mun ga tashin hankali a gidan nan. An yi addu'a, an yi azumi, har wani mai dogon baki ya ba da shawarar a sa masa mari, na ce duk wanda ya kawo sarƙa ƙofar gidana shi zan ɗaure da ita. Alice ce, lokacin tana makarantar koyon aikin jinya, ta dage sai da aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa can wajen Sakkwato. Suka ce sunan ciwon sikizofireniya, sunan da har yau sai na huta a tsakiyarsa kafin in ƙarasa. Suka ɗora shi kan allura duk wata. A hankali muryoyin suka yi nisa, ya kama gyaran babura a bakin tasha, kuma hannunsa yana da kyau. Sai dai ka san mutanenmu. Ko shekara ɗari zai yi lafiya lau, a bayan idonmu mahaukacin gidan Saje suke ce masa.

Ana nan sai ga Goodness, yarinya mai waƙa a cocinmu, ta ce ita Joel take so. Ubanta shi ne Kofur Bawa. Shekara ɗaya muka shiga soja da shi, ni na fita da igiya uku, shi da biyu, kuma har yau bai yafe mini igiyar nan guda ba.

Mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, a da ba a ba ka mata don kana da kyan fuska. Sai ka yi golmo, wato kai da samarin tsararka ku yi ta noma wa surukinka gona, damina bayan damina, har shekara bakwai. Ni bakwai ɗin na yi cif kafin a ba ni uwar Alice. Yanzu kam yawancin gidaje an sassauta, kwana ɗaya ko biyu ake yi don kada a ce an yar da al'ada, a sha kunu a watse. Amma da muka je wajen Kofur, sai ya gyara zama ya ce, "Saje, ba na ƙin ɗanka. Damina uku zai yi mini. Duk ranar aiki ya zo da tsararsa, ranar da ya ajiye garma kafin 'yan uwansa kuwa, magana ta mutu."

Na gane nufinsa sarai. So yake yaron ya faɗi a gaban jama'a, a ce ai ga shi nan, dama mara lafiya ne, shi kuma ya wanke hannunsa. Jinina ya tafasa, na buɗe baki zan gaya masa wadda ba zai manta ba, sai Joel ya riga ni. Ya ce, "Na yarda, Baba Kofur."

Daminar farko bakin garma ya sare shi a bayan ƙafa, sara mai zurfi har ana ganin fari. Ko tsayawa bai yi ba. Sai da na bayansa ya ga jini a kan ƙasa ya yi magana, Joel ya duba, ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure, ya ci gaba da huɗa. Ranar kam ban zauna ba. Daga tasha har ƙofar coci ba wanda ban tare na ba shi labari ba. Na ce wa masu shayi, wanda kuke kira mahaukaci ya fi 'ya'yanku goma. Uwar Alice ce kaɗai ta ce mini, "Baban Alice, mutum ya sare ƙafa haka bai ce wash ba, anya lafiya ce?" Na ce ta bar maganar da ba ta sani ba, jinin Manga ne.

Damina ta biyu ta wuce. Ta uku ta zo, aka yi noman fari, aka yi maimai, ya rage huɗa ta ƙarshe, wata Asabar cikin watan Agusta. Daga ranar shi ke nan, Kofur ba shi da sauran bakin magana. Makon nan kuwa Alice tana gida hutu, don a lokacin ta zama ma'aikaciyar jinya a asibitin nan da ya yi wa ƙaninta magani.

Da safe ina ɗaura igiyar takalmi ta same ni a zaure.

"Baba, kwana uku ke nan Joel bai ci tuwo ba. Jiya ya yi amai a bayan rumbu ya rufe da ƙasa. Ka lura da yadda yake tafiya, a karkace?"

Na ce, "Na tambaye shi, ya ce ba abin da ke masa ciwo."

"Ni ma haka ya ce mini. Shi ya sa hankalina ya tashi."

Na ce ban gane wannan karatun ba, mutum ya ce lafiyarsa ƙalau, sai a tayar da hankali?

Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Baba, ranar da aka harbe ka a Laberiya, yaushe ka ji zafi?"

Ta san amsar, don ta ji labarin ya fi sau ɗari, amma ni ba a tambayata shi in ƙi faɗa. Na ce sai da muka isa gada na ji takalmina yana caɓal-caɓal, na duba na ga jini. Mil guda na yi da gudu da harsashi a cinya.

"Me ya hana ka jin zafin?"

Na ce, "Zuciya."

"Akwai zuciya, ban hana ka ba. Amma ka san allurar mofin da ake yi wa wanda ya ji rauni a fagen daga? To jikin mutum yana haɗa irin nasa, ana ce masa endofin. In mutum yana cikin gudu ko tsoro ko aiki mai tsanani, sai jiki ya sake shi ya danne zafin."

Na ce, "Wato jarumtar tawa allura ce. Na gode."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Masu irin ciwon Joel, an daɗe ana lura cewa wasunsu ba sa jin ciwo kamar kowa, ko kuma suna ji ba sa iya faɗa. Wasu masana sun yi zaton endofin ɗin nan ne ya rikice a jikinsu. An yi ta bincike, har yau ba a tabbatar ba, wasu ma sun ce ba shi ba ne. Ni ban san dalili ba, Baba. Abin da na sani, a wajen aikinmu ba ma jira mara lafiya ya ce yana jin ciwo. Dubawa muke yi, don wanda ya jira zai iya jiran gawa."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Yaron nan ciwo ya raba shi da karatu, ya raba shi da abokai, ya raba shi da sunansa. Abu ɗaya ya rage masa wanda duk Zuru ke sara masa a kai, wato jimiri, shi ne kuma 'yar cikina ta zo tana ce mini shi ma ciwo ne. Na miƙe na ce, "Ke da karatunki. Yau ce rana ta ƙarshe. Damina uku yaron nan ya yi yana zubar da gumi, ba zan bari ki zubar masa da ita a ƙofar gari ba. Bayan la'asar ki kai shi duk inda kika ga dama."

Ta ce, "Ina yake?"

Na ce tun asuba ya tafi da tsararsa. Na hau babur ɗina na bar ta a tsaye.

Gonar Kofur tana bayan Manga, gindin dutse. Na tarar aiki ya kankama. Samari goma sha biyu a jere, kowa da garmarsa, mai ganga yana bin su a baya yana zuga su, dawa ta kai ƙugu. Kowa an yanka masa kunya goma sha takwas. Mata suna can gindin ɗorawa da tukwanen kunu, Goodness a cikinsu. Kofur kuwa ya kafa kujerarsa a inuwa kamar mai duba fareti. Na zauna nesa da shi kaɗan, muka gaisa sama-sama.

Kullum Joel ne a gaba. Ranar shi ne a baya. Yana ɗaga garmar, yana saukewa, ba ya fashi, amma jikinsa a naɗe yake ta gefen dama, gumi kuma yana zuba masa irin wanda ban saba gani ba. Na gani, Allah ya sani na gani. Na ce wa kaina gajiya ce, saura kaɗan.

Ya gama ta goma sha ɗaya ke nan, rana ta kusa tsaka, sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin hanya. Alice ta sauko. Ba ta gaida kowa ba, ba ta nufi wajen mata ba. A al'adarmu mace ba ta shiga layin 'yan golmo, ko kunu za ta kawo a bakin gona take ajiyewa. Ita kuwa ta ratsa cikin dawar nan da farin takalminta, ta je ta tsaya a kan kunyar Joel, daidai inda bakin garmarsa zai sauka. Mai ganga ya tsaya.

Kofur ya ce, "Saje, 'yarka ta shigo wa maza aiki."

Na tashi na nufe su, raina a ɓace. Kafin in isa ta sa shi ya kwanta a ƙasa, ta ɗage rigarsa tana danna cikinsa. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba, taɓa nan."

Na taɓa. Cikin ya yi tauri kamar katako, jikin kuwa wuta.

Ta ce, "Afendis nake zato, ɗan ƙaramin hanjin nan. In bai fashe ba yana gab da fashewa. Da wani ne, da tun shekaranjiya yana birgima a ƙasa."

Kofur ya iso yana dogara sanda. Ya ce, "Ni ban ce kada a kai shi asibiti ba. Amma Saje, ka san maganarmu. In ya fita gonar nan kafin 'yan uwansa, ta mutu."

Joel ya yunƙura ya tashi. Ya ɗauki garmarsa. Bai dubi yayarsa ba, bai dubi Kofur ba, bai ko waiwayi gindin ɗorawa inda Goodness take ba. Ni ya duba. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari.

Ya ce, "Baba, ba ya ciwo. Zan ƙarasa."

Na san kallon nan. Shi ne wanda yake yi mini yana ɗan shekara biyar, in ya faɗi ya tashi yana jira ya ga ko na gamsu. A nan tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a Laberiya. Alice ta ce masana ba su san abin da ke rufe wa irinsu baki ba, ko endofin ne ko wani abu. Ni kuwa a tsaye a gonar nan na kasa rabewa, ciwon ne ya rufe bakin ɗana ko ni ne. Abin da na tabbatar shi ne, in na gyaɗa kai zai ci gaba da huɗa har ya faɗi matacce, kuma ba zai ce uffan ba.

Na ce, "Joel, ajiye garma."

"Baba, saura bakwai."

"Oda ce."

Ya ajiye. Aka ɗora shi a kan babur tsakanin ɗan kabu-kabu da Alice. Goodness ta yar da ludayin da ke hannunta, ta ƙwace makullin babur ɗina ta miƙa wa ɗaya daga cikin samarin ta ce ya bi su da ita. Ubanta yana kiran sunanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Aka bar ni a gona ba abin hawa. Gaskiya ko da akwai ban san ko zan iya bin su ba, don ban shirya zaman jira a ƙofar ɗakin tiyata ba. Na dubi garmar nan a yashe, na tuɓe rigata na ɗauka.

Kofur ya ce, "Ba kai ke neman 'yata ba, Saje."

Na ce, "Na sani. 'Yarka ka jiƙa ta ka sha. Amma da sunan gidana aka fara aikin nan, ba za a bar shi rabi ba."

Shekarata sittin da bakwai, rabona da garma tun kafin a haifi mai gangar nan. Samarin suka ce in bari su raba a tsakaninsu, na daka musu tsawa suka koma layinsu. Mai ganga ya ci gaba. A kunya ta uku bayana ya fara ba ni labari. A ta biyar harsashin da ke cinyata ya farka. Ta bakwai kam ban san yadda na yi ta ba, na dai san da na kai ƙarshe na jefar da garmar a gaban kujerar Kofur, na kama hanya.

Da na isa babban asibiti an riga an fito da shi daga tiyata. Likita ya ce hanjin ya fashe tun kafin su iso, sai da suka wanke cikin. Ya ce da an bari har yamma, da wani labarin ake yi. Alice tana tsaye a gefe, takalminta duk laka. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ni ne na ce, "Kin yi aiki, 'yar Saje." A gidanmu wannan babbar magana ce, ita ma ta sani.

Rana ta uku ina zaune a bakin gadon, da sanda, don tun ranar Asabar ban miƙe sosai ba. Goodness tana ba Joel ruwan shayi da cokali, Alice tana duba takardar da ke rataye a ƙafar gado. Sai ga Kofur ya shigo da hularsa ta zuwa coci. Ya daɗe yana kallon yaron.

Ya ce, "An ce kunya goma sha ɗaya ya yi da fasasshen hanji. Ko a zamaninmu ban ga irin wannan ba. Bai ce wash ba, bai yi raki ba. Wannan namiji ne, Saje. Golmo ya cika, bayan girbi ku zo a sa rana."

Goodness ta sunkuyar da kai tana murmushi. Damina uku ina jiran maganar nan daga bakin mutumin nan, ga ta ta zo, amma ban ji daɗinta ba. Na ga fuskar Joel ta washe da jin an ce bai yi raki ba, na ga ya ƙara danne leɓe. Wato abin da ya kusa kashe shi, shi aka zo ana yaba masa, kuma gobe ma haka zai yi.

Alice ta ajiye takardar. Ta ce, "Baba, bayanka fa?"

Amsar tana bakina, in ce garau nake, irin wadda na saba bayarwa shekara sittin. Ga Kofur a tsaye, mutumin da ban taɓa bari ya ga gazawata ba. Ga kuma Joel yana kallona.

Na ce, "Yana ciwo. Ciwo sosai. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, cinyar nan ma kamar ana soka mini ƙusa. Ki nemo mini magani."

Kofur ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Yau ga Saje yana raki. Ashe zan ga wannan rana."

Na bar shi ya yi dariyarsa. Joel yana ta kallona kamar bai san ni ba. Can sai ya ɗaga hannu a hankali ya ɗora a gefen cikinsa.

Ya ce, "Baba, ni ma nan wajen ɗinkin. Ban sani ba ko ciwo ne, amma tun jiya akwai wani abu."

Alice ta janye zanen ta ɗaga bandejin. Gefen ɗinkin ya kumbura ya fara tara ruwa. Ta ce, "Madalla da ka faɗa, yau za a gyara shi," ta fita kiran likita.

Na sha samun lambar yabo a soja, an sha kiran sunana a gaban fareti, amma ban taɓa jin ƙirjina ya cika kamar ranar ba. Na dafa sandata na miƙe da ƙyar, na juya wajen Kofur.

Na ce, "Ka ji ɗana? To wannan za ka je ka faɗa a tasha."